Amsoshin Tambayoyinku: Wai Jin Daɗi Ne Manufar Rayuwa?

Wasiƙar farko ta fito ne daga wani ɗalibi a Zariya. Ya ce abokinsa ya yi watsi da karatu, kullum yana wurin sharholiya, in an yi masa faɗa sai ya ce ai masana falsafar Girka ma sun ce jin daɗi ne manufar rayuwa. Yana tambaya, haka ne?

To, ɗan'uwa, an faɗi haka. Aristifus, almajirin Sukrat, mutumin Sairin da ke Libiya ta yau, ya fifita daɗin jiki na yanzu-yanzu a kan na jiya da na gobe. Amma wanda aka fi jingina wa wannan ra'ayi shi ne Epikurus, wanda aka haifa a shekara ta 341 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kuma buɗe makaranta a lambunsa a birnin Atina. Da abokin naka ya je can, da ya sha mamaki. Daɗi a wurin Epikurus shi ne jiki ba ciwo, zuciya ba fargaba. Burodi da ruwa da hira da abokai sun ishe shi, kuma ya gargaɗi almajiransa su guji duk daɗin da wahala ke biyo bayansa. Ka ga kuwa barin karatu yana cikinsu.

Masu suka ma ba su yi shiru ba. Aflatun, shi ma masanin falsafar Girka, ya kwatanta mai bin sha'awa da mai cika tulu hujajje, yana zubawa yana yoyo. A 1974 wani masani a Amurka, Robert Nozick, ya kawo tambaya: da za a haɗa ka da wata na'ura mai sa ka jin daɗi har mutuwa, amma duk abin da kake gani mafarki ne, za ka yarda? A ganinsa yawancin mutane za su ƙi, domin mutum yana son ya aikata abu da gaske, ya zama wani. Ni dai ina tare da shi.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi kuma ta ce, to jin daɗi laifi ne? A'a, Hajiya. Ki ci halaliyarki, ki sa suturarki, ki dai kiyayi almubazzaranci. Sauran bayani na malamai ne.