Tikitin Naira Ɗari: Sababi Ne Ko Caca?

TAMBAYA: Malam, ni ɗan dako ne a kasuwar hatsi ta Dawanau. Kusan kullum in an tashi aiki nakan cire Naira ɗari ko ɗari biyu in buga lamba, ko in buga ƙwallo a waya. Ba na taɓa kuɗin cefane. A ganina sababi ne kawai, tunda arziki ba ya faɗowa ta rufin ɗaki. Wani abokina ya ce ya ji ko a cikin Yahudawa masu riƙo da addininsu akwai malaman da suka yarda mutum ya sayi tikiti ɗaya don ya buɗe wa arziki ƙofa. Sannan mene ne bambancina da maigidana da yake sayen masara da kaka ya ajiye, ya ci riba ko ya faɗi? Na taɓa cin Naira 48,000 na sayi waya. Yaya matsayin wayar? Daga wani mai karatu a Dawanau, Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa.

AMSA: Ɗan'uwa, tambayoyi huɗu ka ɗaure a ƙulli ɗaya, kuma wadda ta fi nauyi ita ce ta maigidanka, don haka zan bar ta sai mun share hanya. Mu fara da lissafi, tunda a kasuwa kake wuni.

Cacar lambobi da aka fi sani da Baba Ijebu, ta kamfanin Premier Lotto na Legas, da sauran ire-irenta, tsarinsu ɗaya ne. Lambobi ne daga 1 zuwa 90, a fitar da biyar. In ka zaɓi biyu, duk suka fito cikin biyar ɗin, abin da aka saba biya shi ne ninki 240. Ɗari ta zama 24,000. Wa zai ƙi? To amma lambobi 90 ana iya haɗa su bibbiyu har hanya 4,005, kuma 10 kacal ne ke ci a kowane zagaye. Ka ɗauka wani attajiri ya ce yau ba zai bar ƙofa ko ɗaya ba, ya saye duka 4,005 a Naira ɗari-ɗari. Ya kashe 400,500 ke nan. Babu makawa tikiti goma za su ci, a ƙirgo masa 240,000. Mutumin da ya ci sau goma a rana guda ya koma gida da asarar 160,500. Ashe cikin kowace ɗari da jama'a suka zuba, kusan 60 ce ke dawowa hannun masu ci, 40 ta tafi ke nan. Kai mai buga ɗari kullum, a lissafi sai ka zuba wajen 40,000 kafin ka ɗauki 24,000.

Ta ƙwallo ta fi wayo, domin tana sa mutum ya ji kamar saninsa ne ke aiki. Ya san wanda ya ji rauni a Arsenal, ya san Barcelona ba ta wasa da kyau in ta fita waje. Sai dai kamfanin ma ya sani, ya kuma riga ya cire nasa kason a cikin farashin kowane wasa. Mu ƙaddara Naira biyar yake cirewa cikin ɗari. In ka jera wasa goma a takarda ɗaya, cirewar tana hawa kan cirewa har ɗarinka ta koma daidai da 60. In wasa ashirin ne, ta koma wajen 36. Wasa goma da kowanne yake rabi da rabi, damar su zo maka duka ɗaya ce cikin 1,024. Wasa ashirin kuwa, ɗaya cikin sama da miliyan. Shi ya sa a kowace majalisar samari za ka ji ana cewa, "Wallahi wasa ɗaya ne ya ɓata min takarda." Gaskiya yake faɗa. Mai wasa goma a takarda ya fi kusa da cin tara ya faɗi ɗaya sau goma a kan ya cinye duka, kuma wannan saura-ƙiris ɗin ne ke dawo da shi gobe.

Ta fuskar addini maganar ba ta da duhu. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ta amince cewa akwai ɗan amfani a giya da caca, amma ta ce zunubinsu ya rinjayi amfanin. Daga baya aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida suka rufe ƙofar gaba ɗaya, suka kuma faɗi dalili: ƙiyayya tsakanin mutane, da shagala daga ambaton Allah da salla. Yana da kyau ka san irin cacar da Larabawa ke yi a lokacin. Mutane ne za su yanka raƙumi, a zuba kibau goma a jaka, bakwai masu rabo, uku babu komai. Wanda kibiyarsa ta fito wayam shi ke biyan kuɗin raƙumin, naman kuma sau da yawa talakawa ake rabar wa, har ana yi wa wanda ba ya shiga gorin rowa. Cacar da ke ciyar da miskinai ke nan, amma ba ta tsira ba. Ƙanƙantar kuɗin ma ba ta sauya hukunci. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya gayyaci abokinsa caca da baki kawai an umarce shi ya yi sadaka, tun kafin a ajiye ko kwabo.

Kada ka haɗa wannan da ƙuri'a. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. 'Yan adashe ma sukan yi ƙuri'a don sanin wanda zai fara kwasa. A nan babu wanda ya yi asarar abin da ya zuba. Na ƙarshe ma zai kwashi nasa cif.

Hukuma kuwa, ka san Kano tana ƙarƙashin shari'a tun 2000, kuma a watan Oktoban 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a birni. Sai ga shi a watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, kowace jiha ita ke da iko a kan nata. Shago dai ana iya garƙame shi. Wanda ke cikin aljihunka babu mai garƙame shi sai kai.

Maganar abokinka tana da tushe, amma rabinta ya kawo maka. Littafin dokokin Yahudawa da ake kira Mishna, wanda aka harhaɗa wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya sa ɗan caca cikin mutanen da ba a karɓar shaidarsu a kotu. Malamansu na Babila, wato Iraƙi ta yau, suka yi saɓani kan dalili. Rami bar Hama ya ce wanda ya faɗi bai taɓa yarda a zuciyarsa ya rabu da kuɗinsa ba, ya zuba ne yana sa ran shi zai ci, don haka abin da mai ci ya ɗauka yana da ƙamshin ƙwace. Rab Sheshet ya ce a'a, laifin ɗan caca shi ne ba ya cikin masu raya duniya, saboda haka wanda ba shi da wata sana'a sai ita ne ake mayar wa da shaida. Da aka kafa cacar ƙasa ta Isra'ila, Mifal HaPais, a 1951, wadda ake gina makarantu da wuraren shan magani da ribarta, sai tsohon saɓanin ya dawo sabo. Obadiya Yusuf, haifaffen Bagadaza da ya riƙe muƙamin babban malamin Yahudawan Gabas daga 1973 zuwa 1983, ya ba da fatawar hana sayen tikitin. Wasu suka halatta, suna cewa mai sayen tikiti ya san da wuya ya ci, ya kuma biya tun farko da yardarsa. A cikin masu sassauci ne ake jin zancen tikiti ɗaya, kuma su ma suna ƙarawa da cewa wanda ya sayi na biyu ya nuna lissafi ya dogara da shi, ba Ubangiji ba. Ka ga ko a wannan ma'aunin mai buga ɗari biyu kullum bai haye ba.

Fatawarsu ba hujja ba ce a kan Musulmi, kamar yadda tamu ba ta hau kansu ba. Na tsaya a kai ne saboda dalilan nan biyu, yarda da raya duniya, su ne mabuɗin tambayar maigidanka, kuma muna da irinsu a gida. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna da ɓarna, ta ware kasuwancin da aka yi bisa yardar juna.

Ba zan ce maka babu kasada a ajiyar hatsi ba. Waɗanda suka cika sito da tsadar kakar 2024 sun ga yadda farashi ya rufto a 2025. Amma ka bi buhun nan guda da ido. Manomin Bichi ko na Tofa ya kawo shi da kaka yana neman kuɗin biki ko na biyan bashin taki, ya karɓi kuɗinsa ya tafi yana murna. Dillali ya sami la'ada. Mai ɗinkin buhu ya samu, kai da ka sauke ka jera ka samu, mai maganin ƙwari da mai gadi sun samu. Bayan wata shida a loda shi a tirela zuwa Fatakwal ko Maraɗi, wata uwar gida ta tuƙa tuwo da shi a lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. In farashi ya tashi maigidanka ya ci riba, kuma ba lallai ne wani ya yi kuka ba. In ya faɗi, masarar tana nan, abinci ce. Tun 1985 da aka kafa kasuwarku a kan hanyar Katsina, abin da take yi ke nan: ɗauke abinci daga inda ya yi yawa zuwa inda ake nemansa, daga watan yalwa zuwa watan ƙunci. Ribar ladan wannan hidimar ce, kasadar kuma ta biyo ta ne kamar yadda take bin kowace sana'a.

Yanzu ka bi ɗarinka. Me ta ɗauka, ina ta kai shi? Naira 48,000 da ka ci ba daga gona ta fito ba, ba daga masana'anta ba. Ɗari-ɗari ce ta mutum ɗaruruwa irinka, 'yan dako da 'yan acaɓa da masu tura kurar ruwa, waɗanda kowannensu ya zuba yana addu'ar shi zai kwashe na sauran. Ba za ka ci ba sai sun faɗi. Wannan ne ya fitar da ita daga sahun sababi. Sababi shi ne abin da yake halal a karan kansa, wanda kuma Allah ya saba fitar da arziki ta cikinsa: shuka, dako, saye da sayarwa, koyon sana'a. Ba a neman abin da ke wurin Allah ta hanyar da Ya hana, sannan a ce Masa ga ƙofa an buɗe.

Kada maigidanka ya karanta wannan ya ɗauka an wanke shi tas. Saye da ɓoye abinci a lokacin da jama'a ke cikin tsanani don farashi ya hau yana da nasa hukuncin mai zafi, kuma ba ka manta ba a watan Fabrairun 2024 hukumar yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a nan Dawanau bisa wannan zargin. Amma wancan laifin zalunci ne a cikin kasuwanci, babinsa daban.

Saura waya. Ita kanta ba ta zama najasa ba, cinikinka da mai shago ya inganta, za ka iya ci gaba da amfani da ita. Nauyin yana kan kuɗin. Abin da malamai da yawa suka tafi a kai shi ne ka tuba, ka fitar da kwatankwacin abin da ka ci ka ba mabuƙata ko ka sa a aikin amfanin jama'a, kamar gyaran rijiya ko sayen magani ga marar lafiya, da niyyar rabuwa da shi, ba da niyyar ladan sadaka ba. Ba a mayar wa kamfanin. Ba dole sai a lokaci guda ba. In ka riƙa ware ɗari biyu kullum, wata takwas sun ishe ka. Akwai malamai irin su Imam Gazali da suka yi rangwame ga wanda shi kansa fakiri ne, cewa zai iya riƙe gwargwadon buƙatarsa. Wannan kuwa sai wanda ya san halinka, don haka ka zauna da malamin unguwarku ka faɗa masa gaskiyar samunka da yawan bakin da kake ciyarwa.

Ka ce ba ka taɓa kuɗin cefane, na kuma yarda da kai. Duk da haka ka buɗe manhajar da kake bugawa, ka duba tarihin abin da ka tura cikin wata shida, ka tara shi a takarda. Sannan ka goge ta ka ga ko za ka yi mako biyu ba ka waiwaye ta ba. In ka iya, shi ke nan. In ka ga hannu yana ƙaiƙayi, barci yana ƙi, ko ka fara ranto kuɗi don ka fanshe asarar jiya, to abin ya wuce sha'awa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtukan da ake yi wa magani, kuma likitocin ƙwaƙwalwa ne ke duba ta. Na san Kanawa sun mayar da "a kai shi Dawanau" abin zolaya saboda asibitin ƙwaƙwalwa da ke can, amma ba sai mutum ya tuɓe riga yake ganin waɗannan likitocin ba, kai kuma ko kuɗin mota ba za ka kashe ba.