Yadda Ake Farfaɗo da Jaguar E-Type Har a Kai Ta Gwanjo

Jaguar E-Type, wadda aka fara nunawa a bajekolin motoci na Geneva a watan Maris na 1961, aka kuma ci gaba da ƙera ta a Coventry ta Ingila har zuwa 1974, tana cikin motocin gudu da masu tara tsofaffin motoci suka fi nema. An ƙera sama da 70,000, mafi yawansu aka sayar a Amurka, shi ya sa masu gyara a Ingila sukan sayo su daga jihohi masu bushewar iska kamar Kalifoniya, inda tsatsa ba ta cin ƙarfe sosai.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, binciken asali ake fara yi. Ana neman takardar shaida daga Jaguar Daimler Heritage Trust, cibiyar da ke riƙe da littattafan masana'antar, wadda ke nuna ranar da aka ƙera motar da launinta na farko da lambobin shasi da inji, sannan a gwada su da waɗanda ke buge a jikin ƙarfen. Idan suka dace, an tabbatar ke nan motar tana tare da injinta na ainihi, kuma wannan ya fi kowane ƙyalli ɗaga darajarta.

Daga nan sai a wargaza ta gaba ɗaya, ana ɗaukar hoton kowane mataki, ana ƙulle kusoshi a leda da rubutun inda aka cire su. A kankare fenti har sai ƙarfe ya fito tsirara, kuma a nan ne asirin gyare-gyaren baya yake tonuwa. Tsatsa takan fi cin daɓen motar da dogaran da ke ƙarƙashin ƙofofi, lamarin da ke da haɗari domin E-Type ba ta da doguwar shasi daban: bodin ne da kansa yake ɗauke da nauyi, sai wani firam na bututun ƙarfe a gaba da ke riƙe da inji. Fanalbita yakan yanke ruɓaɓɓen wuri ya yi waldar sabo, ya cike mahaɗa da narkakkiyar dalma yadda aka yi a masana'anta. Bonet kuwa, wanda ya haɗa har da murafun tayoyin gaba yake kuma buɗewa ta gaba, sai an yi ta sawa ana cirewa ana goga kafin tazararsa da bodi ta daidaita.

Injin samfuran farko, mai silinda shida da kafireta uku ƙirar SU, lita 3.8 ne a farko, aka ƙara shi zuwa 4.2 a 1964. Ana sabunta fistin da sauran abin da ya ci, a gyara birki da wayoyi, a ɗinka wa kujeru sabuwar fata. Wasu sukan musanya tsohon giyabos da na zamani mai giya biyar, abin da ke sa tuƙi daɗi amma yake rage wa motar daraja a idon masu son asali, don haka mai dabara yakan adana tsohon ya miƙa shi tare da motar.

Bayan gwaji a kan titi sai a kai ta gidan gwanjo irin su Bonhams ko RM Sotheby's, inda ƙwararru za su ƙiyasta kuɗinta, su kuma amince da mai ita a kan farashin ajiya, wato mafi ƙarancin kuɗin da zai sallama, wanda ba a bayyana wa masu tayi. Ranar duba kaya, masu saye sukan leƙa ƙarƙashinta da tocila, su kara maganaɗisu a jikinta don gano inda aka cusa foti, su karanta rasit da hotunan aikin. Ana yin tayi a zaure da ta waya da ta intanet, kuma da zarar mai gwanjo ya buga guduma ciniki ya faɗa. Mai saye ya biya kuɗin tare da la'adar gidan, a cire wata la'adar daga rabon mai sayarwa, wanda sau da yawa abin da ya kashe wajen gyara yakan zarce abin da ya samu. Idan tayi bai kai farashin ajiya ba, gidan gwanjon yakan shiga tsakanin mai motar da wanda ya fi tayi, ko a daidaita a bayan fage.