Darasi Na 14: Harhaɗa Jitar Bes Daga Tsofaffin Kaya Da Sababbi

Jitar bes ita ce jitar nan mai tsirkiya huɗu da dogon wuya, wadda muryarta ta fi ta sauran kauri. Ba ta da ƙoƙo irin na garaya ko gurmi. Gangar jikinta zallar katako ce, saboda haka sai an jona ta da lasifika ake jin amonta sosai. Wadda ta fara karɓuwa a duniya ita ce Precision Bass, wadda kamfanin Fender ya fitar a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a Amurka, cikin 1951. A 1960 aka yi mata ƙanwa, wato Jazz Bass.

Mai kamfanin, Leo Fender, ba makaɗi ba ne. Asalin sana'arsa gyaran rediyo, kuma da idon mai gyara ya dubi kayan kiɗa. A da, masu ƙera jita kan manne wuya da gangar jiki da gam, ta yadda in wuyan ya lanƙwashe sai gwani ya yi kwanaki yana fama da shi. Fender kuwa sai ya ɗaure wuyan da noti huɗu: in ya lalace a kwance shi, a sa wani. Don sauƙin ƙira da gyara ya yi haka, amma makaɗa suka ga wani amfanin. Tun da wuya yana kwantuwa, ai ana iya ɗauko wuyan wannan a haɗa da jikin waccan.

John Entwistle, makaɗin bes na ƙungiyar The Who ta Ingila, ya yi haka a shekarun 1960. Ya tattara ragowar jitoci biyar da suka farfashe, ya tayar da guda ɗaya daga cikinsu, ya raɗa mata suna Frankenstein, don tunawa da labarin dodon nan da aka harhaɗa daga gaɓoɓi daban-daban. Bayan rasuwarsa aka yi gwanjonta a Landan cikin 2003, a kan fam 62,400. Daga baya ma an sami kamfanoni irin su Warmoth, a jihar Washinton, waɗanda aikinsu shi ne sassaƙa sababbin wuyaye da jikuna daidai da awon Fender.

To, awon nan shi ne tushen aikin. Tsawon tsirkiya, daga matashin da ke can saman wuya zuwa jaki, inci 34 ne, wato santimita 86 da 'yan kai. A kan wuya an jera siraran ƙarafa waɗanda ke raba shi gaɓa-gaɓa, kuma dole ne ƙarfe na 12 ya faɗo a tsakiya, inci 17 daga kowane ɓangare. In aka kuskure, makaɗi zai saita tsirkiyarsa daidai, amma da zarar ya danna ta a kan wuya sai murya ta karkace. Jaki yana da 'yan notuna da ake matsar da tsirkiya gaba ko baya da su, sai dai ƙaramin kuskure kawai suke iya gyarawa. Wanda ya ɗora wuyan Mustang Bass, mai awon inci 30, a kan jikin Precision, ya yi asarar kuɗinsa, domin jitar ba za ta taɓa saituwa ba, komai tsufan katakon da tsadarsa.

Sai gurbin da wuya yake zama a ciki, mai faɗin inci biyu da rabi. Ana so wuyan ya shige shi cif, ba tare da an tilasta masa ba. Kayan da aka ƙera a Amurka da inci ake auna su, na Asiya kuwa galibi da milimita, don haka ramukan noti kan saɓa wa juna da ɗan kaɗan. Maganin wannan shi ne a toshe tsofaffin ramukan da tsinken katako da gam, a bari su bushe, a huda sababbi.

Wane kaya ya kamata ya zama tsoho, wanne kuma sabo? Makaɗa sun daɗe suna gardama a kan ko tsohon katako ya fi sabo daɗin amo, kuma gardamar ta fi yawan hujjojin. Abin da ba a musu a kansa shi ne, tsirkiyoyi huɗu suna jan wuya da ƙarfin da ya haura kilo 60, dare da rana. Wuyan da ya jure wannan shekara arba'in bai karkace ba ya cancanci a amince da shi. Amma kafin a saya sai a gwada sandar ƙarfen da ke ɓoye a cikinsa, wadda ake murɗawa a miƙar da shi. In ta cije ba ta murɗuwa, gyaranta kan ci kuɗi masu yawa, wani lokaci har fiye da kuɗin sabon wuya. Tsohon maɗaukin sauti, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ma abin riƙewa ne muddin wayar ba ta tsinke ba. Tsirkiya kuwa, da mamurɗan ƙarin sauti waɗanda suka fara ƙarar ƙas-ƙas, da kunnuwan ɗaure tsirkiya da suka saki, babu alfanun tsufa a cikinsu. A sa sababbi, a liƙa wayoyi da dalma, kada kuma a manta da wayar da ke zuwa ƙarƙashin jaki, domin in babu ita jitar za ta yi ta gunji.

Rigima takan taso ne ranar sayarwa. A 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender, kuma masu tara kayan kiɗa sun fi daraja jitocin da aka ƙera kafin wannan shekara. Wadda ba a taɓa canza mata komai ba tana iya ninka harhaɗaɗɗiya kuɗi sau da yawa, shi ya sa wasu marasa gaskiya kan manna tambarin Fender a kan sabon wuya, su kankare fenti don ya yi kama da tsoho. Mai saye da ya san abin da yake yi yakan nemi a kwance notunan nan huɗu a gabansa, ya duba gindin wuya, inda ma'aikatan kamfanin kan rubuta ko su buga kwanan watan ƙira, sannan ya gwada shi da lambobin da ke jikin mamurɗai.

Ma'anar wasu kalmomi

tsirkiya: igiya ko wayar da ake kaɗawa a garaya ko jita.
jaki: a nan ba dabba ake nufi ba, abin da ke ɗauke da tsirkiya ne a kan gangar jiki.
gurbi: ramin da aka yi don wani abu ya zauna a ciki.
cif: daidai, babu ragi babu ƙari.

Nahawu

A lura da kwantuwa, saituwa da murɗuwa. Daga kwance, saita da murɗa suka fito, kuma suna nuna ko aikin yana yiwuwa. A gina jimloli uku da gyaruwa, haɗuwa da ɗauruwa.

Tambayoyi

1. Me ya sa Leo Fender ya ɗaure wuya da noti maimakon gam?
2. Me zai faru in ƙarfe na 12 bai faɗo a tsakiya ba?
3. In an sauya wa jita wuya da jaki da maɗaukin sauti, da wane suna ya dace a sayar da ita? A tattauna a aji.