Zaɓen Busasshen Abinci ga Kyanwar da Jikinta ke Ƙin Wata Cima

A yawancin gidajen ƙasar Hausa kyanwa ba ta da akushi na kanta. Sauran tuwo da ɓeran da ta kama su ne cimarta. Amma a birane ana samun masu saya mata busasshen abinci na kanti, wato ƙananan dunƙule-dunƙulen da ake sarrafawa a masana'anta a ɗura cikin leda. Galibin kyanwoyi suna cin sa lafiya lau. Akwai kuwa waɗanda ƙaiƙayi kan addaba a kai da wuya, gashi ya riƙa zubewa, ko kuma amai da zawo su ƙi ƙarewa. Maigida ya bar wannan ya sayi wancan, kuɗi na tafiya, dabba na ramewa. Mafita ba ta cikin tsadar abinci ko kyan ledarsa. Tana cikin gwaji irin wanda ɗalibai ke koya a ajin kimiyya.

Maciyar nama

Halittar kyanwa ta ci nama ce. Jikinta ba ya iya samar da isasshen tawurin, wani sinadari da ake samu a nama da kifi, haka kuma ba ya iya mayar da sinadarin da ke cikin karas da ganyaye ya zama bitamin A kamar yadda jikin ɗan Adam ke yi. A shekarar 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis, a Amurka, sun tabbatar da cewa ƙarancin tawurin yana sa tsokar zuciyar kyanwa ta saki ta kasa harba jini yadda ya kamata. Daga nan kamfanoni suka ƙara shi cikin abincin da suke yi. Saboda haka ba a magance ƙin abinci ta hanyar hana kyanwa nama baki ɗaya. Abin nema shi ne a gano wane nama ne jikinta bai yarda da shi ba.

Matsala iri biyu

Iri na farko gazawar ciki ce wajen narkar da abinci. Alal misali, bayan yaye, sinadarin da ke narkar da sukarin madara yana raguwa a hanjin kyanwa, don haka babbar kyanwa kan yi zawo idan ta sha madara da yawa. Iri na biyu kuskure ne na garkuwar jiki, inda take ɗaukar wani furotin na abinci a matsayin abokin gaba ta far masa, sakamakon ya bayyana a fata ko a hanji. Wani nazari da aka buga a 2016, wanda ya tattara rahotannin likitocin dabbobi, ya nuna cewa naman shanu da kifi da kaza su ne kan gaba, hatsi kuwa irin su alkama da masara suna baya. Ke nan rubutun "babu hatsi" a jikin leda ba shaida ba ce cewa abincin ya dace. Abin lura kuma, kyanwa na iya fara ƙin abin da ta shekara da shekaru tana ci.

Yadda ake gwajin

Da farko likitan dabbobi zai kawar da zargin ƙuma da ƙazuwa da makero da tsutsar ciki, domin sun fi abinci yawan haddasa waɗannan alamu. Gwajin jini ba abin dogaro ba ne a nan. Sai a rubuta duk abin da kyanwar ta taɓa ci, a zaɓi ɗaya daga cikin biyu: abincin da aka yi da nama guda wanda ba ta taɓa ɗanɗana ba, kamar zomo ko agwagwa, ko kuma wanda aka farfasa furotin ɗinsa ya zama ƙanana ƙwarai har garkuwar jiki ta kasa gane shi. Ana shigar da sabon a hankali cikin mako 1, sannan a ba ta shi kaɗai da ruwa na aƙalla mako 8. Ba madara, ba kan kifi, ba farauta. Dole a tsare ta a ɗaki, domin loma ɗaya na iya rushe aikin. Idan ta warke, sai a maido da tsohon abincin. Dawowar alamun, galibi kafin mako 2, ita ce hujja.

Abin dubawa wajen saye

A karanta jerin kayan haɗi, wanda ake farawa da mafi nauyi. A guji wanda aka rubuta "nama da dangoginsa" ba tare da sunan dabba ba. A tabbatar an rubuta cewa cikakken abinci ne na manyan kyanwoyi, a kuma duba ranar lalacewarsa. Gwaje-gwaje sun sha gano naman da ba a ambata ba cikin abincin kanti, shi ya sa aka fi amincewa da wanda likita ya rubuta. Busasshen abinci yana da ruwa kimanin kashi 10 cikin ɗari kawai, na gwangwani kuwa kusan kashi 75, ga shi kyanwa ba mai yawan shan ruwa ba ce. Wajibi ne a ajiye mata ruwa mai tsabta kullum. A rufe ledar sosai a wuri mai sanyi, musamman da damina, gudun fumfuna. Idan babbar kyanwa ta ƙi ci har kwana 2, kada a ce yunwa za ta koya mata hankali; kitse na iya taruwa a hantarta ya halaka ta. A garzaya da ita asibitin dabbobi.

Tambayoyi don aji

1. Me ya sa ake sauya abu ɗaya tak a lokacin gwajin?
2. Idan ba a maido da tsohon abincin ba, wane dalili dabam zai iya bayyana warkewar kyanwar?
3. Mene ne bambancin zawon madara da ƙaiƙayin naman shanu?