Zubar Gashi Tabo-Tabo: Kada Ka Fara da Allurar PRP

A Agadas, inda rawani da kallabi ke rufe kai, wanzami ko mai kitso ne kan fara gano wurin: da'ira sumul, ba ƙaiƙayi, ba amosani. Likitoci na kiran wannan alofeshiya ariyata. Garkuwar jiki ce ke kuskure, ta far wa tushen gashi. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma tushen bai mutu ba. Shi ya sa ƙananan tabo da yawa kan tsiro da kansu cikin shekara guda.

Yanzu ana ta tallar PRP a waya. Ana ɗibar jininka, a juya shi a na'ura a ware ruwan da ke cike da ƙwayoyin da ke daskarar da jini, a mayar da shi fatar kai da allura, galibi wata-wata. Wani bincike a Italiya a 2013, kan mutum 45, ya nuna gashi ya tsiro. Amma mutum 45 ba su isa kafa hujja ba, kuma kowane asibiti da yadda yake haɗa nasa. Sannan PRP ba ta hana garkuwar jiki sake dawowa kan gashin.

Shawarata, ka fara zuwa babban asibitin jihar Agadas a tabbatar da cutar. Idan akwai ɓawo da karyayyen gashi, musamman ga yaro, makero ne, kuma maganinsa na sha ne. Idan gefen goshi ne ke zubewa ga mace, kitso mai tsauri za a fara sassautawa. A nemi gwajin maƙoƙo ma, don cutar maƙoƙo da alofeshiya ariyata kan haɗu.

In alofeshiya ariyata ta tabbata, abin da likitan fata kan fara da shi allurar tiramsinolon ce a cikin tabon, duk sati 4 zuwa 6, kuma ta fi PRP araha nesa. Ga wanda gashin kansa ya kusa ƙarewa, Amurka ta amince da ƙwayar barisitinib a 2022, sai dai tana da tsada da buƙatar gwajin jini.

A bar goga tafarnuwa da tsaga. Ƙuna da tabon rauni su ke kashe tushen gashi har abada. In kuma ka yanke sai PRP a Yamai, likita ya yi maka, a buɗe sabuwar allura da kwalba a gabanka, saboda ciwon hanta nau'in B.