TABARAU NA MANNE: YADDA A KE AUNA SHI A ASIBITIN IDO

Hakimi da malaminsa duk da ido su ke aiki. Da shi a ke karanta takardar da ta fito daga fada, da shi a ke rubuta amsa. In gani ya raunana, maganin da kowa ya sani shi ne tabarau. Amma akwai wani iri wanda ba shi da mariƙi, ba a rataya shi a kunne, bisa ƙwayar ido a ke ɗora shi, watau tabarau na manne. Yanzu ya shiga kasuwanni, har waɗansu masu yi wa amare kwalliya su kan sa wa 'yan mata mai launi ba tare da awo ba. Sabo da haka ya wajaba shugabannin jama'a su san yadda al'amarin ya ke.

Asalinsa

A shekarar 1888 wani likita mai suna Adolf Fick, a birnin Zurik, ya gwada na gilashi, amma ba a iya jimre shi sai 'yan sa'o'i kaɗan. A 1948 Kevin Tuohy na Amurka ya yi ƙarami na roba mai tauri. A 1961 Otto Wichterle, a birnin Firag, ya ƙago mai taushi mai shan ruwa, aka fara sayar da shi a Amurka a 1971. Yau iri biyu ne manya: mai taushi, faɗinsa kamar milimita 14, da mai tauri, milimita 9 ko 10.

Dalilin Awo

A gaban baƙin ido akwai wata fata garai-garai, likitoci suna kiranta koniya. Ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, daga iska ta ke samun numfashinta ta cikin hawaye. A kanta tabarau ɗin ya ke zama. In ya matse, hawaye ba za su kewaya ba, koniya ta kumbura. In kuwa ya yi sako-sako, sai ya riƙa zamewa yana gugar ido. Lanƙwasar idon wani ba ɗaya ta ke da ta wani ba, har ma idon dama ya kan bambanta da na hagu.

Yadda A Ke Awon

1. Likita ya kan fara da tambaya: wane aiki mutum ya ke yi, ko yana da ciwon sukari, ko idonsa ya kan yi ƙaiƙayi ko bushewa.

2. Sa'an nan a sa shi ya karanta baƙaƙe a allo, ana sauya masa gilasai har a sami ƙarfin da ya dace. Lambar tabarau na rataye ba lalle ta zama ta na manne ba, gama na rataye yana nesa da ido kamar milimita 12. In ƙarfin ya wuce lamba 4, sai an sāke lissafi.

3. A auna lanƙwasar koniya da na'ura. Ba zafi, ba kuwa abin da zai taɓa idon.

4. A haska idon da fitila mai madubin ƙara girma, a juya fatar ido a duba cikinta. A kan sa wani ruwa rawaya wanda ke bayyana ƙujewa komai ƙanƙantarta.

5. A sa masa na gwaji, ya zauna kamar minti 15 har ya daidaita. Likita ya ce ya ƙifta, ya ga ko yana motsi kaɗan ya koma tsakiya. In bai zauna daidai ba, a sauya wani.

6. Ba a sallamar mutum sai ya iya sawa da cirewa da hannunsa. Takardar da za a ba shi tana ɗauke da ƙarfi, da lanƙwasa, da faɗi, da sunan irin da aka zaɓa. Zai komo bayan mako ɗaya ko biyu, daga nan kuma kowace shekara.

Ba kowa ya dace da shi ba. Mai amosanin ido, da mai yawan bushewar ido, da mai aiki cikin ƙura, da wanda ba shi da halin wanke hannu da sabulu kullum, na rataye ya fi musu. Har ila yau ba ya maganin yanar ido ko hawan jinin ido. Amma ga wanda koniyarsa ta yi tsini, mai tauri ya kan ba shi ganin da na rataye ya kāsa.

Sharuɗɗan Kiyayewa

A wanke hannu da sabulu a goge shi sarai kafin a taɓa. Kada ruwa ya taɓa tabarau ɗin, ko na rijiya, ko na famfo, ko na leda, balle yawu. Cikin ruwa akwai wata ƙwayar cuta, akantamiba, wadda in ta kama koniya maganinta na da wuya ƙwarai. A cire shi kafin wanka, a kuma runtse ido wajen wanke fuska ko alwala.

Kada a kwana da shi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa barci da shi yana riɓanya haɗarin ciwon ido sau 6 zuwa 8. A zubar da tsohon ruwan jiƙawa kowane dare a zuba sabo, a sauya gidansa bayan wata 3. Na yini ɗaya, a yar da shi da dare. Na wata ɗaya, kada ya wuce wata. Ba a aronsa, ba a kuwa ba da shi aro. Ran da hazon hunturu ya yi yawa, gara a koma ga na rataye.

In ido ya yi ja, ko zafi, ko ya ƙi haske, ko gani ya ragu, a cire nan da nan a tafi asibiti a ranar, tare da tabarau ɗin da gidansa. Gyambon koniya yana iya ɓata ido cikin 'yan kwanaki, tabonsa kuwa ba ya gushewa.

Abin Da A Ke Roƙon Hakimai

Ana roƙon hakimai su sanar da dagatai da masu unguwanni, su kuma su gargaɗi iyayen amare, cewa mai launi ma sai da awo, ko da idon lafiya lau ya ke. Mai bukata a nuna masa asibitin ido na sosai, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, ko sashen ido na asibitocin koyarwa. Tun 1989 doka ta kafa hukumar yi wa masu awon ido rajista, kowa kuwa yana da ikon neman ganin takardar mai auna shi. Malamai su karanta wannan bayani a zaman majalisar hakimi, su ajiye kofe ɗaya a ofis domin mai tambaya.