Patrick Keely, Kafintan da Ya Zana Majami'u Ɗari Shida

Sa'ad da muka shiga majami'a, da wuya mu tambayi wanda ya zana ta. Darasinmu na wannan wata a kan irin waɗannan mutane ne, wani ɗan Katolika mai suna Patrick Charles Keely.

An haife shi a 1816 a ƙasar Ailan, inda da yawa daga cikin Fadannin da suka kawo mana bishara suka fito. Wurin mahaifinsa, wanda magini ne, ya koyi aiki. A 1842 ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya zauna a Brooklyn kusa da birnin Niyok, yana kafinta kamar Waliyyi Yusufu. Nan ya sadu da wani matashin Fada, Sylvester Malone, wanda ke neman gina wa jama'arsa wurin sujada. Keely ya zana masa Majami'ar Waliyyai Bitrus da Bulus, aka keɓe ta a 1848. Salon ginin shi ake kira Gotik, wato rufi mai tsawo, da baka irin wanda maginanmu ke kira bakan gizo, sai dai mai tsini a bisa, da dogayen tagogi masu gilashi launi-launi.

Ginin ya zo a kan kari. Tun 1845 babbar yunwa ta faɗa wa Ailan, mutane fiye da miliyan ɗaya suka bar ƙasar, akasarinsu suka nufi Amurka. Talakawa ne, leburori da barorin gida, ga shi kuma ana ƙyamarsu saboda bangaskiyarsu. Da 'yan kuɗin da suke ragewa daga ladan aikinsu suka riƙa gina majami'u, Bishof-bishof kuwa suka riƙa aika wa Keely. Kafin ya rasu a 1896 ya zana majami'u wajen 600, har da Katidiral na Gicciye Mai Tsarki a Boston da na Suna Mai Tsarki a Shikago, wanda aka gina bayan gobarar 1871. An keɓe dukansu biyu a 1875. A 1884 Jami'ar Notre Dame ta ba shi lambar girma ta Laetare.

Amma a ganina, abin da ya fi cancanta mu yi bimbini a kai shi ne ginin da bai ga ƙarshensa ba. A 1868 aka aza harsashin wani ƙasaitaccen katidiral da ya zana wa garinsa Brooklyn, wanda da an gama shi, da ya shiga sahun mafi girma a ƙasar. Bango ya fara tashi, sai aiki ya tsaya. Bishof John Loughlin ya dubi marayu da marasa lafiya da yaran da ba su da makaranta, ya karkata kuɗin dayosis wajensu. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin gini ya san zafin irin wannan shawara, ga wanda ya yi zanen da waɗanda suka ba da gudummawa. Ƙaramin ɗakin sujada da gidan Bishof kaɗai aka kammala.

Bangayen suka yi shekaru fiye da sittin a tsaye babu rufi. Daga bisani aka rushe su, aka gina makarantar sakandare a filin, aka sa mata sunan Bishof Loughlin.